Majaujawar Wutar da Ban Saya Ba

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba ruwa a kwarinta, ya tsirar da hatsi a tudunta. Ni ce Tabawa 'yar Gajere, Uwar Rumbu ta Kwarin Jema, garin da ke zaune a tsakiyar laka, can bayan tekun gishiri inda rana take faɗawa ruwa tana tururi. Karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba, amma na yi tafiyar da maza suka ji tsoronta, na kuma dawo da ƙafafuna. Ku gyara zama. Mai tauna goro ya tofar, ba na magana ana motsa baki a gabana.

Garinmu tsibiri ne. Da damina ruwa ya kewaye mu. Da rani ruwan ya ja zuwa tafkin da ke bayan gari, ya bar laka mai haɗiye jaki har kunnuwa. Hanyar tudu guda ce, siririya, muna ce mata Wuya. Ƙasarmu tana ba da hatsi fiye da ta kowa, shi ya sa duk mai jin yunwa da mashi a hannu ya san hanyar gidanmu.

Muna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Duk abin da aka ci mu da yaƙi da shi, shi muke zuwa mu saya. Mahaya dawaki sun taɓa cin mu, muka sayo lifidi da sirdi, alhali doki ba ya iya taka lakarmu. Wasu suka zo da garkuwoyin tagulla, muka sayo irinsu, ga su can sun yi kore, sai ƙarti sun haɗu suke ɗaga ɗaya. Zauren makamanmu ya cika har rufi. Kuma ba maƙiyin da ya taɓa sake zuwa mana da makamin da aka zo da shi a da. Kowane maƙiyi da nasa salon.

A shekarar da nake ba ku labari, mutanen Dutsen Toka ne suka zo da majaujawar wuta mai tsayin rimi. Suka kafa ta a tudun da ke ƙarshen Wuya, suka yi ta jefo dunƙulen wuta a kan rumbunanmu. Abin da bai ƙone ba suka kwashe. Yunwar da ta biyo baya, ni na wanke gawar yaran da ta ɗauka, ba zan ƙara magana a kanta ba. Kowa ya san in aka sake taɓa rumbunan nan sau ɗaya, gari ya watse ke nan.

Sarki Nomau ya tara fada ya ce a tafi a sayo majaujawa. Mutum biyu ake aikawa. Kaura, jagoran yaƙi, shi yake zaɓen makami, Uwar Rumbu ita take riƙe da kayan musaya, ba a kwance ko dami ɗaya sai da yardarta. Kafin ni ba a taɓa yin wadda ta hana ba. Kauran lokacin kuwa Mantau ne, ɗan kawuna, abokin wasana tun muna yawo ba wando.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in an kawo majaujawar, me za mu iya wanda ba mu iya ba yau?"

Mantau ya riga sarki amsawa. "Mu ƙona su yadda suka ƙona mu."

Na ce, "Rumbun wa za ka ƙona? Da rumbu suka zo a ka?"

"Ranka ya daɗe, a canza mini tsohuwa. Wannan tun muna yara ta hana ni sakat."

"Kai da agwagwa ta kora har ɗakin uwarka."

Sarki ya ɗaga hannu. Mutum ne mai ƙarancin magana, yunwar ta ci masa jika. Ya ce, "Iya, ni abin da nake so, hatsin bana ya kai mu damina, ko wane ne ya zo."

Na ce, "Wannan na ji. Shi zan je in sayo."

Ranar tashi na sa aka cika mini tulu da lakar bakin gari, aka ɗaure a kan takarkari tare da gishiri da busasshen kifi da turamen saƙi. Mantau ya ce, "Guzurin ke nan? Dama na san da abin da aka yi ki."

Muka ratsa tekun gishiri, inda ƙasa take fari fat har ido ya yi ciwo, muka bi ta dajin da itatuwansa ke tafiya a hankali zuwa inuwar juna. Daga nan muka hango wani birni, ana ce masa Fuska Ɗaya. Ganuwarsa ta gabas ta taɓa gajimare, mashi a jere a kanta kamar ƙayar bushiya. Ta yamma kuwa ko shinge babu. Tare da awaki muka shiga.

Mutanen birnin duk gabas suke kallo. Wani maƙiyi ya taɓa zuwa musu daga can a zamanin kakanninsu, tun daga nan suke jiransa, har wuyansu ya ƙage. Dogarai suka ji kukan takarkaranmu, suka yi ta ja da baya-baya har suka wuce mu, sannan suka gan mu suka kama. Aka kai mu gaban alƙali.

Ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga yamma, Allah gafarta malam."

"Ba a zuwa daga yamma. 'Yan leƙen asirin gabas ne ku."

Yana magana ina kallon bayansa. Wasu ƙarti ne da jakuna, rana tsaka, suna ɗibar hatsi daga rumbun gari, ɗaya har yana waƙa. Na ce, "Malam, ana kwashe muku hatsi a baya."

"Ɓera ne. Kowace shekara haka yake yi."

Ya sa a kulle mu sai an yi shawarar kashe mu. Kurkukun yana da ƙofar ƙarfe da kwaɗo kamar kan bijimi, da dogarai a bakinta sun ba mu baya. Bangon yamma kuwa zana ce, ita ma gara ta ci. Na ɗaga ta da sandata muka fita, muka kwance dabbobinmu, muka zagaye birnin ta kudu. Mantau ya yi ta dariya har ya ƙware.

Na ce, "Dariyar me kake? Su gabas suke kallo, mu bara muke kallo."

Nan take ya daina dariyar.

Muka ci gaba har muka iso wani fili inda ƙasa take girgiza a hankali. Can muka ga Kasuwar Maƙera. A bayan wani kunkuru take, girmansa ya kai gari, yana tafe hayaƙin maƙeru yana tashi daga ƙoƙon bayansa. Da igiya da kwando ake jan mutum da dabba sama. A nan na ga takobi mai komawa kube da kansa, da sulken da ke kuka in maƙiyi ya matso, da tulunan da aka rufe tsawa a ciki. A tsakiyar kasuwa majaujawa take tsaye, an shafa mata mai tana ƙyalli. Mai ita wani dillali ne, Jatau, mai taushin murya da zobba a kowane yatsa.

Mantau ya tsaya gabanta kamar saurayi a dandali. Kafin in buɗe baki ya miƙa hannu ya shafa ƙafarta.

Jatau ya yi murmushi. "Allah ya sa albarka, Kaura. A kasuwar nan taɓa kaya sayen kaya ne."

Na ce, "Tsaya, ɗana. Me take ci?"

"Mai ne kawai, Iya, na wani itace."

"A ina itacen yake?"

"A bayan kunkurun nan yake tsirowa. Duk shekara sai ku aiko."

"In ta karye fa?"

"Ku aiko, yarana su zo."

"Wa yake jan ta?"

"Mazan unguwa guda sun isa."

"To in suna jan ta, wa zai tsaya a Wuya? Kuma kunkurun naka, in mun aiko, a ina za a same shi?"

Ya ce, "Iya, tambayoyinki sun yi latti." Ya yi ishara, wasu ƙarti masu guduma suka tsaya kusa da takarkaranmu.

Ban yi gardama ba. Na ce a ba ni lokaci in sha fura. Na je na zauna wajen mata masu sayar da ita, na tambaye su dokokin kasuwa ɗaya bayan ɗaya, don dokar da ta kama mai saye ba ta rasa 'yar'uwa mai kama mai sayarwa. Wata mai tsagar kalangu ta faɗa mini: dole mai kaya ya gwada kayansa a kan irin ƙasar mai saye, in bai yi aiki ba ciniki ya warware.

Na jira har kunkuru ya iso wata fadama ya durƙusa shan ruwa. Na sauka na ɗebo lakar wurin, na kai gaban sarkin kasuwa tare da tulun lakar garinmu. Ya murza wannan, ya murza waccan, ya ce iri ɗaya ne. Na ce a sauke majaujawa a gwada. Na kuma ce a sauke dabbobinmu da kayanmu, tunda a ƙasa za a yi musaya. Jatau ya yarda da sauri, idonsa yana kan turamen.

Aka kafa ta a fadama. Tun kafin a ɗora wuta ƙafafunta suka fara nitsewa. Jatau ya ce zama take gyarawa. Aka ja, aka saki. Ƙarfin jifan ya danna ta cikin laka har ƙugu, ta karkace, dunƙulen wutar ya tashi sama sak, ya dawo ya sauka a kan wutsiyar kunkuru. Dabbar ta yi wani nishi, ta miƙe, ta fara tafiyar da ba ta taɓa yi ba. Jatau da ƙartinsa suka bi igiyoyi da gudu suna rataye kamar jemagu. Kasuwa ta tafi, ta bar mu da kayanmu, da majaujawa tana shiga ƙasa a hankali.

Mantau ya tsaya yana kallonta har laka ta rufe kanta. Ya ce, "Amma fa kyakkyawa ce."

Na ce, "Sai ka tono ta ka aura."

Muka bi gefen fadamar, don na ce mutanen da ke zaune a irin ƙasarmu su ya kamata mu nema. Wata safiya muka hango gari a bakin wani tafki, da ɗakuna da rumbuna da hayaƙin girki. Muna matsowa gauraka suka tashi da kuka. Kafin mu iso, garin gaba ɗaya ya zame daga gaɓa ya shiga tsakiyar ruwa. Muka tsaya a kan tokar murhunsu mai ɗumi, ba ko tsinken tsintsiya da za a ɗauka.

Na shimfiɗa tabarma na zauna. Na ce, "Ga abin da muka zo saye nan."

Da suka ga tsohuwa ce zaune tana ɓare gyaɗa, suka aiko kwalekwale. Shugabarsu mace ce, Magajiya Lantana, doguwa, ba ta dariya, muka fahimci juna nan da nan. Ta nuna mini komai. Ɗakunansu a kan gadon wani itace suke, suna ce masa kumfa don rashin nauyinsa. Gaurakan kuwa tun suna ƙwai ake sabar da su da warin 'yan gari, baƙo ne kaɗai suke yi wa kuka. Na ce zan sayi ƙananan gauraka da za mu sabar da warinmu, da gadajen kumfa na rumbunanmu duka.

Mantau ya ce, "Tsaya, tsohuwa. Su a bakin ruwa suke kwana, igiya kawai suke yankewa. Mu da rani ruwan yana bayan gari. Kafin ki tura rumbu cike ya kai tafki, wa zai tsayar miki da mai zuwa? Ke kin san nauyin hatsi, ni na san saurin mai mashi."

Na auna maganarsa. Na ce, "Ka yi gaskiya." Sau ɗaya na faɗa, har yau yana tuna mini.

Shi ya zaɓi sauran. Ya ɗauki faifan laka, wasu faffaɗan takalma na saƙa da mutum yake ɗaurawa ya yi tafiya a kan laka kamar a daɓe. Ya ɗauki bakunan da tsarkiyarsu ba ta saki in ta jiƙe, sai da ya tsoma kowanne a ruwa ya harba kafin ya yarda. Ni kuma na ƙi karɓar gado ko ɗaya a sassaƙe. Na ce a ba ni gumaguman itacen da dashensa, da masassaƙa da masaƙa su bi mu su koya wa namu, don kada mu zauna muna jiran wani. Sai a nan na kwance kayan musaya da hannuna.

Da muka dawo gida an fito tarye da ganguna. Da aka ga kejin tsuntsaye da tulin faifai, gangunan suka mutu. Wani attajiri, Gagare, mai rumbuna fiye da na kowa, ya ce a gaban sarki, "An aike su sayen wuta sun dawo da kayan tankaɗe. Ranka ya daɗe, an karya al'adar iyaye."

Sarki ya dube ni. "Iya, hatsin zai kai damina?"

"Zai kai, in za a yi abin da na ce."

"A yi."

Aka ɗora rumbuna a kan gadaje, aka share gangara zuwa tafki, aka jera gumagumai a ƙasa don turawa. Gagare ya ƙi. Ya bar nasa a ƙasa, ya lulluɓe su da ɗanyun fatu saboda wuta. Ni kuwa na hana gari barcin rana. Ana tsakar daka, ko ana ɗaurin aure, sai in sa a buga ganga, kowa ya bar abin da yake yi ya kama rumbunsa. Wanda ya yi nawa, sandata ta san bayansa, ko ɗan wane ne. Mantau yana can cikin laka da samarinsa, suna faɗuwa suna tashi, har suka iya gudu a kan faifai. An zage ni a wannan kaka fiye da duk rayuwata, ban rame ba.

Bayan an gama girbi, wata rana da hantsi, gauraka suka tashi da kuka. Kowa ya dubi Wuya, babu kowa. Gaurakan kuwa arewa suka nufa, wajen da laka ta fi zurfi, inda ba a taɓa zuwa mana ba. Can muka ga ƙura-ƙurar ruwa tana tashi. Wasu mutane ne siraru a kan jiminu, suna gudu a kan laka ba sa nitsewa. Ba wuta, ba majaujawa, ba wanda ya taɓa jin labarinsu.

Na ce a buga ganga. Ba wanda ya tambayi abin yi. Mata da tsofaffi da yara suka kama rumbuna, suka bi gangara ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ruwa. Mantau da mutanensa suka ɗaura faifai suka fita kan laka suka tare gaba. Mahayan ba su zaci za a same su a can ba. Kibau suka karya musu gudu, suka ja baya, suka sake taruwa suka zo ta gefe.

Rumbu ɗaya ya rage, na iri, wanda in babu shi babu shuka. Gungumen da ke ƙarƙashinsa ya karkace, ya kafe a tsakiyar gangara. Ina jin numfashin jiminu a bayana. Mantau ya dawo da gudu ya tsaya tsakaninmu da su, kibansa sun ƙare, yana dukan wuyan jiminu da itacen bakansa.

Ya ce, "Tura mana, tsohuwa, ko sai na zo na goya ki?"

Na ce, "Kai dai kula da agwagwar da ke gabanka."

Na zura sandata ƙarƙashin gungumen, na kwanta a kanta da duk nauyina. Sandar ta karye, gungumen ya mirgina, rumbun ya zame da mu a maƙale har cikin tafki. Da na waiwaya, Mantau yana ƙasa da mashi a cinya, samarinsa suna jan sa zuwa kwalekwale, yana zagin su don sun bar masa faifai ɗaya a baya.

Mahayan suka iso gaɓa suka tsaya. Jimina ba ta iyo. Suka zagaya gari, ba su sami komai ba sai rumbunan Gagare. Fatun da ya lulluɓa suka yi musu buhuna.

Rani ya yi nisa, muna ci muna ƙoshi, har Gagare ina auna masa kamar kowa. Sai wata rana gauraka suka sake kuka, aka tura rumbuna ruwa, amma mata ne suka zagayo daga arewa ta Wuya, a ƙasa, da ƙorai a hannu da yara a baya. Matan mahaya jiminu ne. Fari ya cinye ƙasarsu, abin da mazansu suka kwasa ya ƙare. Fada ta ce a kore su. Mantau, da yake dogara sanda yanzu, ya fi kowa ɗaga murya.

Na dubi wuyan yaran, na san abin da nake gani. Na ce wa babbarsu, "Ba na ba da sadaka ga wanda ya zo mini da mashi. Ciniki zan yi. Mazanku su zauna a gaɓar arewa. Duk abin da ya motsa daga nan har tekun gishiri, jimina ta kawo mana labari kafin gauraka su ji warinsa. Ranar da labari ya yi latti, mudu ya tsaya."

Ta ce, "Mun yarda, Iya."

Mantau ya ce, "Wanda ya soke ni za ki ciyar?"

Na ce, "Shi zan fara sa ya yi gadi. Ya fi ka gudu."

Sarki ya amince. Aka jawo rumbu bakin gaɓa, na hau na buɗe, na zura hannu har hammata. Hatsin a bushe yake, yana ƙara a tafina. Ina cikin auna wa mace ta ƙarshe, ɗigon farko na damina ya faɗo a bayan hannuna. Na share bakin mudu, na juye mata, na ce a miƙo mini murfi kafin iri ya jiƙe.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ku tashi, hadari ya haɗu, akwai shuka gobe.